Muryar Umma a Ɗaki na Bakwai

Ummanmu ta yi shekara talatin da biyu tana koyarwa a firamare, kuma da ta ajiye aiki muryar ba ta ajiye ba. In ta ƙwala wa ɗayanmu kira daga kicin, har maƙwabta sukan leƙo ta taga su ga ko da su ake. Amma ita har cikin zuciyarta ta yarda cewa mace ce mai sanyin magana. Takan ce ita dai ba ta san yadda wasu mata suke iya ɗaga murya a gidajensu ba, mu kuma mu sunkuyar da kai mu ci gaba da cin abincinmu. Baba, wanda ya yi rayuwar aikinsa yana gyaran rediyo da talabijin a wani ɗan shago kusa da tasha, shi ya fi kowa iya sunkuyar da kan.

Mu uku ta haifa. Ni ce babba, ina aiki a kantin magani, ina da aure da 'yan mata biyu. Mai bi mini namiji ne, aiki ya kai shi wani gari mai nisa. Sai Auta, wadda ta shiga jami'a ta ce ita fasaha za ta karanta. Umma ta ji daɗin wannan zaɓi, don a ganinta an samu wadda za ta zana ta. Har ƙusa ta sa Baba ya kafa a bangon falo tun Auta tana shekarar farko. Shekara huɗu ƙusar tana nan tsirara. Da Auta ta gama, sai ta zaunar da mu ta yi bayani cewa ita ba zane take yi ba, da sauti take aiki. Babu wanda ya gane. Umma dai ta samo hanyar fita, duk wanda ya tambaye ta sai ta ce yarinyar harkar rediyo take yi, gadon ubanta ta ɗauka.

Wata rana Auta ta zo da wata 'yar na'ura da ba ta fi sabulun wanka girma ba, ta ɗora ta a kan firij, a bayan gwangwanin sukari. Ina wurin lokacin da ta nemi izini, don haka zan iya ba da shaida. Ta ce tana so ta riƙa ɗaukar sautin gidan saboda wani aiki da take haɗawa. Umma a lokacin kanta na cikin kabad tana neman murfin tukunya, ta ce mata ta yi duk abin da ta ga dama, ita dai a matsa mata daga hanya. Na'urar ta yi wata biyar a wurin. Bayan sati guda kowa ya manta da ita, har mai ba da izinin.

Da shekara ta zagayo sai ga katin gayyata. An zaɓi matasa ashirin za a nuna ayyukansu a wata tsohuwar maɗaba'a da ke tsakiyar birni, wadda aka mayar gidan nunin fasaha, kuma Auta na cikinsu. Umma ta jingina katin a kan talabijin yadda duk baƙon da ya shigo zai gani. Ta tambayi Auta me za mu je mu tarar, Auta ta ce sai mun zo dai. Ni na lura da yadda ta kauda ido da ta faɗi haka.

Ranar Asabar da la'asar na je ɗaukarsu. Umma ta sha kwalliya kamar za a ba ta lambar yabo, ta ɗauko jakar da ba ta fita da ita sai babban taro. Baba ya sa rigarsa mai aljihun gaba, kuma na ga kan testa ɗinsa, ɗan sukudireban gwada wuta, yana leƙowa daga aljihun. Na ce masa babu abin da za a gyara a inda za mu. Ya ce ai ba a sani ba.

Ginin yana bayan babban gidan waya, a wani titi da na sha wucewa ban taɓa ɗaga kai ba. Ƙofar ƙarfe ce doguwa, an yi mata fenti ruwan ɗorawa. A ciki rufin ya yi sama sosai, har yanzu akwai ɗan warin tawada a iska, kuma a daɓen ana ganin ramukan da aka taɓa ɗaure injina. Mutane sun cika, yawancinsu matasa, kowa da waya a hannu. Wata budurwa a bakin ƙofa ta ba mu takarda mai taswirar ɗakunan, ta ce namu shi ne na bakwai, amma gara mu bi su a jere.

A ɗaki na farko makullai ne, sun fi dubu, an rataye kowanne da zare daga rufi, suna ta ƙyalli. Mutane suna shiga tsakaninsu suna ɗaukar hoto. Umma ta tsaya ta ƙare musu kallo, ta ce ita tausayin masu makullan take ji, ko yanzu suna can ƙofar gidajensu a tsaye. A na biyu wani ƙaton allo ne da ya cinye bango guda, shuɗi tun daga sama har ƙasa, sai ɗan ɗigon fari a gefe. Ta matsa kusa, ta ja baya, ta karkata kai, sannan ta ce da a ajinta aka kawo mata wannan da ta rubuta masa ya koma ya ƙarasa aikinsa. Wani dattijo da ke kusa da mu ya yi tari ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

A ɗaki na uku ne muka kusa rasa Baba. Tsofaffin talabijin ne guda goma sha biyu, irin masu ƙaton baya, an jera su kamar bulo, kowacce tana ta shuu babu hoto. Idon Baba ya kawo haske. Ya zagaya bayansu, ya durƙusa, ya dawo ya gaya mini a kunne cewa uku daga ciki ba su da wata matsala, minti goma ya ishe shi. Sai da na riƙe masa hannun riga na nuna masa takardar da ke jikin bango, inda aka rubuta cewa da gangan aka bar su haka. Ya karanta sau biyu. Ya ce shi a zamaninsa wanda ya mayar wa mutum talabijin a haka sai ya sauya unguwa.

Ba duka Umma ta kushe ba. A ɗaki na biyar wata yarinya ta ɗinke aljihunan tsofaffin rigunan makaranta, ɗaruruwa, ta yi wani faffaɗan labule da su, wasu da tabon tawada, wasu da zanen fensir. Nan Umma ta daɗe tana bin aljihunan da kallo. Da za mu fita ta ce wannan dai ta san ciwon hannunta, ɗinkin ya yi kyau.

A ƙofar ɗaki na bakwai layi muka tarar. Maigadi yana shigar da mutane kaɗan-kaɗan, duk wanda ya fito kuma da murmushi a fuskarsa. Umma ta gyara mayafi ta dube ni, irin kallon nan na kin ga 'yata. A jikin bango an rubuta sunan aikin da manyan baƙaƙe: Wa Ya Bar Ƙofar Nan a Buɗe. A ƙasa an ce sauti ne, minti arba'in, lasifika shida. Umma ta karanta ta ce tambaya ce mai kyau, ita ma kullum ita take yi. Ni kuwa a nan na tuna da na'urar kan firij.

Ɗakin babu komai sai benci uku da ɗan haske mara ƙarfi. Bango fari fes, ko ƙusa babu. Muka samu wuri muka zauna, ni a tsakiya, Umma tana ta waige-waige tana neman aikin. Mun yi sa'a ko rashin sa'a, daidai lokacin abin ya ƙare ya koma farko. Aka fara jin ƙarar famfo, sai ƙwaram ɗin murfin tukunya, sai takun silifa yana tahowa daga hagu zuwa dama, har kana iya bin sa da kai. Sai murya ta fito daga kusurwa, tas, kamar mai ita tana tsaye a wurin.

"Wa ya bar ƙofar nan a buɗe?"

Baba ya miƙe. Wallahi bai san ya miƙe ba. Ya yi taku biyu zuwa ƙofar ɗakin, wadda take a rufe ruf, kafin ya tuna inda yake ya dawo ya zauna yana gyara hula.

Muryar ta ci gaba. Ta tambayi wanda ya shanye ruwa ya mayar da gora wayam cikin firij. Ta tambayi ko ita kaɗai Allah ya ba ido a gidan nan. Ta tambayi takalmin waye a tsakiyar hanya, ko jira ake ya tashi ya tafi da kansa. Auta ta jera su yadda ɗaya zai fito daga gaba, ɗaya daga baya, wani lokaci biyu su haɗu kamar Umma biyu suna taya juna. Mutanen ɗakin suna ta dariya ƙasa-ƙasa, wata tana dukan cinyar ƙawarta tana cewa sak gidansu.

Umma ta sunkuyo ta yi mini raɗa, irin raɗarta da ake ji daga benci na uku. Ta ce wannan muryar ƙanwarta ce, Inna, ita ce mai irin wannan faɗan, tabbas lokacin da ta zo mana kwana biyu aka ɗauka. Na ce mata haka ne. Ban rufe baki ba sai lasifikar da ke saman kanmu ta ce:

"Injiniya, shekara nawa kana gyara rediyon mutane, amma fankar ɗakin nan ta gagare ka?"

Duk duniya Umma kaɗai ce take kiran Baba Injiniya, kuma sai ranta ya ɓaci. Ɗakin ya kwashe da dariya. Baba ya kafa wa daɓe ido. Umma ta ƙanƙame jakarta da hannu biyu, ta miƙe zaune sosai, ba ta sake ambaton Inna ba.

A ɗaya gefenta akwai wani saurayi mai tabarau da ɗan littafi a hannu, yana ta rubutu. Daga baya muka ji wai a wata mujalla yake rubutu kan irin waɗannan nune-nune. Da ya ga dattijuwa ta zauna fuska a ɗaure, sai ya ɗauka ba ta gane ba ne, ya ga ya kamata ya taimaka. Cikin ladabi ya ce, Mama, kada ta ɗauka mace ɗaya ce take magana, wannan murya alama ce ta iko, da yadda gida yake zama ƙaramar gwamnati. Ya ce yana jin 'yar wasan kwaikwayo aka ɗauko, kuma ta iya, sai dai ta ɗan zuzuta, don a gaskiya babu macen da za ta yi ta faɗa haka daga safe har yamma. Umma ta juya ta dube shi tun daga tabarau har takalmi. Ta ce masa ta gode da wannan ƙarin haske.

Wayarsa ta yi motsi a aljihu, ya tashi da sauri ya fita. Bai ja ƙofar ba. Hasken waje da hayaniyar layi suka shigo ɗakin. Na ga Umma ta dubi ƙofar, ta kauda kai, ta sake dubanta. Na ga ta cije leɓe. Ta yi iya ƙoƙarinta, wannan zan faɗa ko a gaban wa, ta kai kamar daƙiƙa biyar.

"Kai ɗan nan, wa ka bar wa ƙofar ya rufe maka?"

Da farko mutane sun ɗauka lasifika ta bakwai ce aka ɓoye a ƙarƙashin benci. Wani ma ya duƙa yana nema. Sai saurayin ya dawo da baya da baya, waya a kunne, ya ja ƙofar a hankali yana kallon Umma baki buɗe. Kawuna suka fara juyowa ɗaya bayan ɗaya. Wata yarinya ta ce wa ƙawarta ita ce, wallahi ita ce. Wani ya fara tafi, biyu suka taya shi. Umma ta tashi, ta gyara mayafinta, ta fita kamar mai barin ofishin hedimasta, kuma ta rufe ƙofar a bayanta yadda ya kamata.

Mun same ta a tsakar ginin, inda aka jera tebura ana sayar da shayi a ƙarƙashin wata rumfa. Na sayo mata kofi guda ta ƙi taɓawa. Baba ya zauna a gefe yana juya cokali a nasa. Can sai ga Auta ta taho da sauri, sanye da baƙaƙen kaya da wani kati rataye a wuya, labari ya riga ya kai mata. Ta durƙusa a gefen kujerar Umma.

Umma ba ta ɗaga murya ba, kuma mu da muka san ta mun san wannan ya fi faɗan tsanani. A hankali ta ce shekara huɗu tana jiran hoto, ƙusa tana nan a falo duk wanda ya shigo sai ya tambaya, ashe abin da za a yi mata ke nan, a ɗauki bakinta a kai kasuwa. Ta ce cikin mutanen nan ba mamaki akwai yaran da ta koyar, waɗanda suka san ta da kamun kai. Ni na tuna yadda ake jin ajinta daga bakin titi, amma ba ranar faɗin haka ba ce.

Auta ta tuna mata cewa ta nemi izini. Umma ta ce izinin da aka nema kan mutum yana cikin kabad ba izini ba ne. Auta ta yarda da wannan, ta ba da haƙuri, idonta ya kawo ruwa. Sannan ta ce:

"Umma, a minti na goma sha biyu kika fito. Saura ashirin da takwas. Ki zo ki ji sauran, in kin ce a kashe, yau ɗin nan zan sa a kashe."

Umma ta ce ta ji abin da ya ishe ta.

Muna cikin haka wata mata ta matso teburinmu. Za ta yi shekara arba'in da wani abu, da kayan aiki a jikinta da katin ofis a ƙirji, da alama daga wurin aiki ta biyo. Ta gaishe da Umma har ƙasa, ta ce a yi mata afuwa, ba za ta daɗe ba. Ta ce wannan ne zuwanta na uku tun da aka buɗe nunin, kuma ɗaki na bakwai kawai take shiga. Mahaifiyarta ta rasu shekara biyu da suka wuce. Tana da hotunanta cike da waya, amma ko kalma ɗaya ta muryarta ba ta da ita, bai taɓa zuwa mata a rai ta ɗauka ba, don a lokacin gani take faɗan ya yi yawa. Ta ce ita dai ta zo ta ga mai muryar ne ta yi gaisuwa.

Umma ta dube ta. Sai ta tura mata kofin shayin da ta ƙi sha, ta ce ta zauna ta sha tun bai huce ba, kuma ta sauke jakar nan daga kafaɗa kafin ta karya mata wuya. Matar ta zauna, ta sauke jaka, tana dariya tana share ido. Da ta shanye, Umma ta miƙe ta ce mu koma, tana so ta ji sauran ƙaryar da aka yi mata.

Maigadi bai bari mun bi layi ba. Muka shiga daidai inda faɗan ya fara lafawa. Aka ji ƙarar dutsen guga yana sauka a kan tebur, da Umma tana rera wata 'yar waƙa a maƙogwaro, wadda ban taɓa sanin tana yi ba. Sai wayoyin da take yi wa ƙanena. Auta ta cire komai ta bar tambaya ɗaya, ranaku daban-daban, wata da safe, wata murya a shaƙe da mura: ka ci abinci, me ka ci, wannan ai ba abinci ba ne, ka ci abinci. Na saci kallon Umma na ga tana wasa da zip ɗin jakarta.

Daga nan aka shiga maganar kyanwa. Akwai wata kyanwar maƙwabta da take shigo mana, wadda Umma ta sha rantsuwa a gabanmu cewa ranar da ta kama ta sai ta gane kurenta. To ga shi lasifika shida suna shaida. Aka ji buɗe firij, aka ji ƙarar ɗan kwano a ƙasa, sai Umma da wata siririyar murya da ko jikokinta ba ta taɓa yi wa ba, tana cewa zo nan 'yar gidana, yi sauri ki cinye kafin su dawo, kada ki gaya wa kowa. Baba ya juya ya dube ta. Ita kuma ta dubi bango.

Saura minti biyu a gama, bayan wani dogon jawabi da Umma ta yi kan yadda ake matse man goge baki daga ƙasa ba daga tsakiya ba, sai aka yi shiru. Agogon falo yana ta tafiya. Sannan wata murya ta namiji, daga can nesa, ta ce, "To." Shi ke nan rabon Baba a cikin minti arba'in.

A nan ne Umma ta fashe da dariya, har da riƙe ciki, ɗakin duka ya bi ta. Da muka fito Auta ta rantse cewa ta saurari ɗaukar wata biyar kaf tana neman muryar Baba, wannan ce ta fi fitowa sosai. Baba ya ce shi bai ga laifin hakan ba, ya faɗi abin da ake bukata. Abin da ya dame shi dai lasifikar kusurwar dama ce, tana wani ɗan gurnani, kuma ya san daga inda matsalar take. Auta ta kira mai kula da wutar wurin. Shi da Baba suka durƙusa a bayan bango, testa ta fito daga aljihu, kafin minti biyar gurnanin ya ɗauke. Baba ya dawo yana kakkaɓe gwiwa, ya kuma tabbatar na ga yana mayar da testar.

Mai tabarau yana jiranmu a bakin ƙofa. Ya ba da haƙuri har sau uku, ya ce ko Mama za ta yarda ya yi mata 'yan tambayoyi don mujallarsu. Umma ta ce za ta duba. Hankalinta yana kan sunan aikin da ke jikin bango. Ta ce tun ɗazu abin yake cin ranta, an rubuta tambaya babu alamar tambaya. Ta buɗe jaka ta zaro jan biro, wanda ban san har yanzu tana yawo da shi ba. Maigadi ya matso yana cewa ba a taɓa komai a nan. Shugabar wurin, wata doguwar mata mai furfura, ta iso ta ji abin da ake ciki, ta dubi Auta, Auta ta ɗaga kafaɗa. Matar ta ce a bar Mama ta gyara. Umma ta zana alamar da kyau, ta ja baya ta duba, ta rufe bironta. Maganar kashe sauti kuwa ba ta sake tasowa ba.

Tsawon kwana uku bayan nan gidan ya zama wani iri. Umma tana magana kamar mai jinya, in za ta ce a miƙo mata gishiri sai ta fara duba saman firij. Baba ya kira ni a waya, abin da ba ya yi, ya ce in zo in duba ta ko wani abu ne yake damunta, shi shirun nan ya hana shi sakewa. A rana ta huɗu wani ya bar famfon banɗaki yana zuba, komai ya koma daidai.

Nunin ya yi sati shida, Umma ta je sau biyar. Ta kai tsofaffin abokan aikinta, ta kai matan layinmu, kowane zuwa ita ce a gaba tana nuna hanya. Takan wuce da su ɗakin shuɗin allo da sauri, ta ce wannan ba a gama shi ba tukuna. A ɗaki na bakwai kuwa takan zaunar da su, ta gaya musu inda za su kasa kunne, in an zo wurin kyanwa ta ce wannan ɓangaren haɗi ne na na'ura. Inna ma ta zo daga garinsu takanas. Ta saurara daga farko har ƙarshe, ta fito ta ce ita ba ta ga abin mamaki ba, ai yarinyar ta rufa wa uwarta asiri, ranakun da take cikin sauƙi kawai ta zaɓa.

Da aka rufe nunin, Umma ta sa Auta ta zuba mata sautin a waya, ta nuna mata inda ake dannawa. Ta ce shekarunta sun ja, maƙogwaro yana bukatar hutu, tunda ga shi an ajiye komai ba sai ta riƙa maimaita kanta ba. Ranar Lahadin da na kai mata 'yan matana, suka shigo da gudu suka watsar da takalma a tsakiyar falo. Umma tana kishingiɗe a kujera. Ta sa tabarau, ta lalubo wurin, ta ƙure ƙarar, ta ɗaga wayar sama. Maganar takalmi ta fito tsaf. Yaran suka tsaya cak, suka dubi kakarsu, suka ga bakinta a rufe. Babbar ta ce wa ƙaramar kada ta damu, wannan ta waya ce, suka wuce kicin abinsu.

Umma ta cire tabarau, ta ajiye wayar a hannun kujera, ta tashi zaune ta gyara murya. Ni da Baba muka tattara kofunanmu muka koma baranda.